Rigimar Mai Tabo da Ta Kai Ni Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. Matan unguwa kan shigo da sunan gaisuwa, kafin su gama zama sai in ji, "Gwamma, yaya can ɗin yake?" Sai ka ce wadda ta dawo daga Makka, alhali tafiya ce wadda in mota ba ta tsaya ba, za a isa wake bai nuna a tukunya ba. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum in na kawo wani wuri sai in fashe da kuka, masu saurare su tashi da rabin labari. Shi ya sa na roƙi Malama Rabi, maƙwabciyata mai koyarwa a firamare, ta zo da biro da takarda, don ni ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in na tsaya kuka ta jira ni, kuma kada ta gyara mini wautata.

Maigidana direban babbar mota ne. Shekara arba'in da ɗoriya muna tare ban taɓa kama sunansa ba, ba kuwa yanzu da yake ƙasa zan fara ba. Duk Jibiya Direba ake ce masa, haka ni ma zan ce. A shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ƙasa, kowa yana sayen abin da ubansa bai taɓa gani ba, ya je Kano ya dawo da akwatin talabijin a naɗe cikin bargo kamar jariri. Ba mu da lantarki, da batirin mota yake kunna shi. Ya haɗa gora uku ya kafa a tsakar gida, ya ɗaura ƙarfen kama hoto a kai. In hoto ya lalace, ni ake ƙwala wa kira daga zaure in juya gorar, maza suna cewa, "Ƙara. Ya isa. A'a, koma." Aikina ke nan a cikin sha'anin.

Akwai wani wasa da ake nunawa ranar Lahadi bayan magariba, na wasu mutane da ke yawo a tsakanin taurari cikin wani jirgi mai kama da masaki a kife. Da Turanci ake yi, ba wanda ke ji a zauren, amma ba wanda ya taɓa cewa bai gane ba. Suka sa wa wasan suna Masaki, suka raɗa wa kowa na cikinsa suna. Wasan nan shekara biyar ke nan ana yi bai ƙare ba, har yau mutanen ba su sauka ba. Direba ya so shi so na hauka. Ranar Lahadi ko gawa za a ba shi ya kai Katsina, sai ya duba rana tukuna. Ni kuwa kullum ina yi masa gori, ina cewa dattijo da furfura ya zauna yana kallon wasan yara.

Babban abokin kallonsa Alhaji Illa ne, mutumin Maraɗi, mai fataucin fata. Fiye da shekara ashirin a gidanmu yake sauka in ya zo cin kasuwar Lahadi. Yana da tabarmarsa, yana da kwanonsa, na san ba ya son kuka sai kuɓewa busasshiya. Wata Lahadi aka nuna mutanen jirgin sun sauka a wata ƙasa mai hayaƙi. Wani daga cikinsu, wanda suke kira Mai Tabo saboda shaidar da ke kumatunsa, ya rufe ƙofar jirgi ya tashi da shi, ya bar mutum uku a ƙasa. Alhaji Illa ya ce wannan cin amana ne, ba a barin abokin tafiya. Direba ya ce duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san Mai Tabo ya yi daidai. Musu ya yi tsawo har tuwo ya huce. Alhaji Illa ya ce, "Da ma ku direbobi haka kuke." Direba ya miƙe ya ce, "To tashi ka bar mini zaure, ka je ka sayi naka akwatin." A gaban mutane ya faɗa. Alhaji Illa ya naɗe tabarmarsa ya fita. Ya daina zuwa kasuwar Jibiya gaba ɗaya, muka ji labarin ya sayi nasa akwatin, ya kafa ƙarfe mai tsawo yana kamo tasharmu daga can. Shekara biyu ba su sake magana ba.

Da ciwo ya kwantar da Direba, kwana uku kafin ya cika, ya kira ni ya ce, "Gwamma, na kori baƙo daga gidana. Ina jin tsoron abin nan. In kin fita takaba ki je da ƙafarki, ki ce wa Illa ya yafe mini." Na ce to. Sai na ce, "In ce masa shi ke da gaskiya a kan Mai Tabo?" Ya rufe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Can ya buɗe ido ya ce, "Wannan ban aike ki ba."

Ya rasu ranar Laraba. Alhaji Illa bai zo gaisuwa ba, bai aiko ba. Wata huɗu da kwana goma ina zaune a ɗaki, ba abin da ke yawo a kaina sai mutumin nan kwance da haƙƙin wani a wuyansa. Ɗana Sani da ke aiki a Kaduna ya ce a rubuta wasiƙa a ba direban tasha. Na ce ubanka ƙafa ya ce, bai ce takarda ba.

Ranar Asabar da hantsi na ɗaure daddawa da ƙuli-ƙuli a ƙulli na nufi tasha. Aka sa ni a bayan wata akori-kura. Kwandasta ya karɓi hannuna da ladabi, ya zaunar da ni a kan wani abu da aka rufe da buhu, yana cewa, "Nan ya fi taushi, Iya." Na yi ta sa masa albarka. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai jiki, Delu sunanta, mutuniyar ƙauyen Kusa, tana kai sabulu da ashana Maraɗi duk mako. Ba mu kai Magama ba na ji warin fetur ya cika mini zane. Na ce, "Baiwar Allah, motar nan ba ta yoyo kuwa?" Ta yi dariya ta ce, "Iya, a kan jarkoki kike zaune. Ba wanda zai ce wa tsohuwa ta tashi, shi ya sa aka ba ki kujerar alfarma." Haka na ƙetare shingen kwastan na mutanenmu ina jan carbi a kan man da ban san mai shi ba. Ma'aikacin ma har ya duƙa ya gaishe ni, ya ce in sa shi a addu'a.

Ni a Mazanya aka haife ni. Muna yara mun sha bin jaki zuwa biki a ƙauyukan arewa, ashe duk ƙasar Faransa muke shiga ba mu sani ba, ba wanda ya taɓa tambayarmu komai. Yanzu kuwa sai ga sanda a gicciye a Ɗan Isa, bakin iyakarsu, ga tuta, ga masu kaki da hula mai kama da gwangwani. Mun isa rana ta take tsaka, aka ce ofis a rufe yake. Na tambaya ko rasuwa aka yi. Delu ta ce a'a, barci suke yi. A ƙasar nan, in ji ta, in rana ta yi tsaka ma'aikata kan rufe su tafi su kwanta, doka ce. Na ce ikon Allah, mu a wurinmu ma'aikaci a ɓoye yake barcinsa a kan tebur, su kuwa an rubuta musu a takarda.

Muna jira a ƙarƙashin wata bishiyar bedi Delu ta saya mini burodinsu. Dogo ne kamar taɓarya, ba a leda yake ba, a hammata ta ɗauko shi. Na gatsa. Haƙora shida suka rage mini a baki, saura kaɗan in baro ɗaya a Ɗan Isa. Wani mai shayi a wurin ya ga halin da nake ciki, ya zuba mini wani baƙin ruwa mai ɗaci da madara a kwano, ya ce in tsoma. Kafe suke ce masa. Na sha don kunya, zuciyata ta yi ta bugawa har la'asar kamar wadda ta yi sata.

Da suka farka aka jera mu a gaban wani jandarma, wato ɗan sandansu, siriri mai gashin baki. Hausa yake yi tsaf, irin tamu. Ya ce in kawo takarda, na ce ba ni da ita. Ya buɗe wani babban littafi ya ce, "To sunanki." Na faɗa. "Sunan mijinki." Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Tsohuwa, ba ki ji ba? Mi ne ne sunan mijinki?"

Na ce, "Direba."

"Wanga aiki ne, ba suna ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shi dai ka rubuta."

Ya ajiye biro ya dube ni. Mutane na bayana suna tsaki, kwandasta na cewa rana na tafiya. Jandarma ya ce ko dai ban taɓa aure ba ne. Na ce aurena ya girme shi. Daga ƙarshe Delu ce ta leƙo ta tambaye ni unguwarmu da kalar motarsa, ta ce, "Af, ai na san shi," ta faɗi sunan da ƙarfi. Wata biyar ban ji an ambace shi haka ba, kamar yana tsaye a waje yana jiran a kira shi. Sai hawaye. Jandarman ya rikice, ya ba ni kujerarsa, ya tambayi abin da zai kai ni Maraɗi. Na ba shi labari daga gora har zuwa ƙasa mai hayaƙi. Ya saurara da kyau, ya buga hatimi a wata 'yar takarda, sannan ya rage murya ya ce, "Ni ma ina kallo gidan mai gari. Allah ya jiƙan mijinki, amma dai Mai Tabo bai kyauta ba." Na karɓi takardata na koma mota.

A sauran hanya na yi wa Delu bayanin abin da nake tsoro. Na san Alhaji Illa, na san sai ya tambayi ko Direba ya sauko daga ra'ayinsa. Delu ta ce, "To ki ce ya sauko mana. Wa zai tashe shi ya tambaya? Ke dai ki samo masa gafara ki dawo." Na juya maganar, na ga ta yi. Ƙarya ɗaya a wuyana ta fi haƙƙi a wuyansa. Kafin mu shiga gari na riga na shirya ta, har da yadda zan karya murya.

Maraɗi gari ne kamar Katsina, sai dai tituna a miƙe suke kamar an ja da igiya, kuma babura ƙanana masu feda sun fi mutane yawa. Delu ta tafi harkarta. Ni ban san unguwar Alhaji Illa ba, abin da na sani kawai ƙarfensa dogo ne. Sai na ɗaga kai ina tafiya ina duban sama, ƙulli a ka, har na yi karo da amalanken ruwa. Na hango wani ƙarfe da ya fi kowane tsawo, na bi shi har ƙofa. Na yi sallama, wata mata mai gilashi ta fito. Na zube na fara, "Ni ce matar marigayi, na zo neman gafara." Na yi kuka sosai, ita ma ta taya ni, ta kawo mini ruwan sanyi daga firji. Sai da muka natsu ta ce, "Wane marigayi, Inna?" Ashe gidan wani likitan dabbobi ne. Ta yi dariya har ta cire gilashin, ta yafa mayafi ta raka ni da kanta, don duk garin an san gidan Alhaji Illa mai fata, inda ake taruwa kallon Masaki.

Matarsa Hajiya Rakiya ce ta tarbe ni. Ba mu taɓa ganin juna ba, amma ta ce ta san ni a bakin mijinta, don shekara ashirin ana yi mata gorin miyar kuɓewata. Bayan la'asar sakaliya ya shigo. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Da ya gan ni ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa bango. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya yana kallon ƙasa. Ya ce ya ji labari tun ranar, ya sa takalmi sau biyu ya cire.

Na ce, "Alhaji, aike ne ya kawo ni. Ya ce in zo da ƙafata, in ce ka yafe masa korar da ya yi maka."

Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Batun wancan mutum hwa? Mi ya ce?"

Na karya murya yadda na shirya, na ce, "Ya ce kai ke da gaskiya. Ya ce Mai Tabo maci amana ne."

Na zaci zan ga fara'a. Sai na ga fuskarsa ta zube. Ya ce, "Shi ya ce haka? Da bakinshi?" Na ce e. Ya ce, "To." Ya miƙe ya ce a ba ni masauki, ma yi magana. Ya fita bai furta kalmar da na zo nema ba.

Aka kai ni wani ɗaki mai gadon ƙarfe da katifa. Na hau, gadon ya lotsa da ni ya dawo da ni sama, na ce wannan ba da ni ba, na sauko na shimfiɗa zanena a ƙasa. Da safe Hajiya Rakiya ta gan ni ta ce ko faɗowa na yi, na ce a'a, da kaina na sauko kafin a kai ga haka. Abincinsu namu ne, fura ma ta fi tamu nono. Sai dai da rana aka kawo mini ɗanyen ganye da tumatir da albasa an zuba masa mai da tsami, ba a ko nuna masa wuta ba. Na jira a zo a ɗauka a dafa, ba wanda ya zo. Na ga Hajiya tana ci, na ci, ina tuna akuyata da na baro a gida.

Duk yinin Lahadin nan Alhaji Illa bai leƙo ba. Hajiya ta ce bai ci abincin dare ba, bai karya ba, ya zauna a shago ba ya kula masu ciniki. Na rasa inda na yi kuskure. Na ba mutum abin da yake so, ya ƙi ba ni abin da nake so. Motar komawa Litinin da safe take, na fara tunanin yadda zan shiga ɗakin Direba hannu wofi.

Bayan magariba gida ya cika. Su a tsakar gida suke kallo, maza a gaba a kan tabarmi, mata a baya a bakin rumfa, ba kamar mu da ake barin mace da gora ba. Aka ɗora akwatin a kan tebur, Alhaji Illa ya zauna a kujerarsa bai dubi kowa ba. Da kiɗan farkon wasan ya tashi, sai na ji kamar an buɗe ƙofar zaurenmu. A daidai wurin nan Direba kan yi gyaran murya ya ce, "To, bisimilla, an ta da mota." Na cusa mayafi a baki.

Ashe a gidan nan al'ada ce, da Mai Tabo ya bayyana sai kowa ya yi tsaki, don a faranta wa mai gida. Ya kuwa bayyana, ya tsufa kaɗan, yana duba wasu fitilu, bai yi wa kowa komai ba. Tsaki ya tashi ko'ina. Wani mai ƙaton rawani ya ce, "Ga shi nan, maci amana, wanda ya bar mutum uku."

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ji wata tsohuwa tana magana daga bayan mata, ashe ni ce.

Na ce, "Mutum uku ya bari, nawa ya ɗauko? Kun ƙirga? Hayaƙin nan ya riga ya shigo ta ƙofa, tsohon nan mai magani ya faɗi, mace mai gajeren gashi tana jan sa. Sau uku ya leƙa ya kira su. Da zai ja ƙarfen rufe ƙofa hannunsa rawa yake yi, sai da ya sa hannu biyu. Wanda bai taɓa ɗaukar rayukan mutane a bayansa ba shi ke zama a tabarma yana tsaki."

Mai rawani ya waiwayo baki buɗe. Hajiya Rakiya tana jan zanena. Ni kuwa na riga na miƙe tsaye, ina nuna akwatin da yatsa, daddawar da na kawo tsaraba ma ban kai ga bayarwa ba, ga ni ina zagin baƙin mai gida.

Alhaji Illa ya tashi ya rage ƙarar akwatin, abin da aka ce bai taɓa yi ba. Ya ce, "Gwamma, ina kika ga duk wanga? Ke da ke wajen gora?"

Na ce, "Ƙyauren zaure yana da tsaga."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

"Shi ya sani?"

Na ce, "Shi ya ƙara faɗin tsagar da wuƙa. Bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban fasa yi masa gori ba."

Wasu suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya matso ya tsaya a gabana ya ce, "To hwaɗa mini gaskiya, don Allah. Ya ce ni ke da gaskiya?"

Na ga na gama lalata aiken. Na ce, "Bai ce ba. Na tambaye shi, ya ce wannan bai aike ni ba. Ni na ƙara, don ka yafe masa."

Sai dattijon nan ya durƙusa a ƙasa a gaban matansa da baƙinsa, ya rufe fuska da hannun riga. Kafaɗunsa na rawa, na kasa gane kuka ne ko dariya, ashe duka biyun ne. Da ya sami magana ya ce, "Alhamdu lillahi. Tun jiya ban runtsa ba. Na ce wane irin ciwo ne wanga da ya karya Direba har ya bar maganarshi, ni kuwa ina nan zaune ban je na gan shi ba. Na ce ashe ba shi ne ya mutu ba, sauranshi ne. Yanzu kin maido mini da shi. Da taurin kanshi ya tahi."

Na ce, "Da shi ya tafi, ko kaɗan bai rage ba."

Ya juya ga jama'a ya ce, "Ku shaida. Na yafe mishi duniya da lahira, korar da duk abin da ke tsakaninmu. Ni na fara zagin sana'arshi cikin zaurenshi, ina cin tuwonshi. Gwamma, shi ba ya nan, ke za ki karɓa mishi. Ku yafe mini."

Na ce na yafe, kuma na san shi ma ya yafe, don wanda bai yafe ba ba ya aiko tsohuwa ta ƙetare iyaka a kan jarkar fetur. Wani malami a cikinsu ya ɗaga hannu aka yi wa Direba addu'a, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna amin, mutanen Masaki kuma suna ta buɗe baki a akwati ba sauti. Na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da aka fita da shi, amma wannan mai sauƙi ne, yana fita yana rage nauyi.

Da aka shafa, Alhaji Illa ya sa aka kawo kujera aka ajiye kusa da tasa, ya ce in zauna. Na ce mace a gaban maza? Ya ce kujerar ba tawa ba ce, ta Direba ce, riƙo zan yi. Na zauna. Ya mayar da ƙarar, muka kalli sauran. Can Mai Tabo ya sake fitowa, ba wanda ya yi tsaki. Alhaji Illa ya karkato ba tare da ya ɗauke ido daga akwatin ba, ya ce a hankali, "Amma dai ya ci amana."

Na ce, "Bai ci ba."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba magani ya ji ya shiga, ya ce, "Madalla."

Da safe ya raka ni tasha da kansa, ya ja kunnen direba a ba ni gaba. Na iso Jibiya kafin azahar. Ban tsaya gaisawa da kowa ba, na wuce ɗakin Direba, na tsaya a bakin gadonsa na ce, "Na je da ƙafata. Ya yafe. Abin da ba ka aike ni ba na so in kai, bai kaiwu ba." Daga nan na zauna a ƙasa, na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin ya kwanta ciwo.

Malama Rabi ta ce takardarta ta kusa ƙarewa, ni ma numfashina haka. Duk wadda aka karanta wa wannan, ta yi dariyarta a kaina yadda take so, na ba ta izini. In ta gama, ta ce Allah ya jiƙan Direba, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi.